Telekwanbata 2x a kan gilashin 75-300: in saya ko in haƙura?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu hoto. Shawara nake nema kafin in ɓarar da ɗan abin da na tara. Kyamarata Canon 700D ce, gilashin nesa kuma 75-300 ne, irin wanda ba shi da mai hana rawa. Sallar da ta wuce tun da sassafe na isa Fakon Idi, amma inda aka tsayar da mu ya yi nisa da inda manya za su wuce. Na zuƙo gilashin har ƙarshensa, wato milimita 300, na yi ta ɗauka. Da na dawo gida na buɗe a kwamfuta, wallahi raina ya ɓaci. Mahaya sun fito ƙanana, rawuna kawai ake gani fari-fari, ba ka rarrabe fuskar wannan da ta wancan. Yanzu wani a Kano ya ce yana da telekwanbata Kenko 2x na hannu, wato ɗan gilashin da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi don ninka zuƙowa, in na ɗaura ta 300 ɗina zai koma 600. Kuɗinta bai kai ko kusa da na babban gilashi ba. Don Allah wanda ya taɓa aiki da ita ya faɗa mini gaskiya.

Baba Mai Hoto:
Wa'alaikumus salam ɗana. Kak ka yi gaggawa. Abin ga ba sabo na ba, tun zamanin fim munka san shi, kuma mun kashe kuɗɗinmu gare shi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Kwanbata ba ta jawo maka doki kusa. Tsakiyar hoton da gilashinka ya kawo ita taka ɗauka ta shimfiɗe bisa faɗin sensa, wato faifan cikin kyamara da ka kama hoto madadin fim. Hasken da zai zauna wuri guda, ta baje shi wuri huɗu. Don haka 2x kashi ɗaya cikin huɗu na haske taka bar maka, 1.4x ko ta bar maka rabi. Kuma duk aibin da gilashinka ke da shi, shi ma sai ta ninka shi. In gilashi mai kaifi na, ta ninka kaifi. In mai dishi-dishi na, dishi-dishin za ka samu babba.

Injiniya Arkilla:
Baba ya gama magana, lissafin kawai zan ɗora. Gilashinka a 300 buɗinsa f/5.6 ne, wato faɗin ƙofar da haske ke shiga, kuma in lambar ta ƙaru ƙofar tsukewa take yi. Ka sa 1.4x ya koma 420 a f/8. Ka sa 2x ya koma 600 a f/11. Ita kuma 700D fokas ɗinta na kai-da-kai ta mazubin ido, wato 'yar kafar da ake leƙawa, an gina shi ne ya yi aiki zuwa f/5.6. Da ka wuce nan sai ta fara kai da komo, gilashi yana shiga yana fita, doki ya wuce ba ta kama komai ba. Ka lura kuma, kwanbatar Canon ta asali ba ma za ta shiga bayan 75-300 ba, domin tana da gilashi da ya turo gaba, sai manyan gilasan da aka bar wa rami a baya take shiga. Shi ya sa mai sayarwar ya ce maka Kenko, ita gabanta a shafe yake, tana hawa kusan kowane gilashi. Amma hawa daban, aiki daban.

Ɗan Mabera:
Na gode Baba, na gode Injiniya. Amma ku yi haƙuri da ni, akwai abin da ban gane ba. In haske ne matsalar, mu a Sakkwato ai haske ne ya yi mana yawa. Ƙarfe tara na safe rana ta riga ta buɗe kamar tsakar rana. Kashi ɗaya cikin huɗu na ranar Sakkwato ai ya fi cikakkiyar ranar wasu ƙasashen.

Na Giginya:
Yaron nan ya yi tambaya mai kyau, kada a danne ta.

Injiniya Arkilla:
Ta yi kyau ƙwarai, kuma rabinta gaskiya ne. Wajen ɗaukar hoton kansa ranarmu tana taimaka maka. A rana tsaka, f/11 da ISO 100 (ma'aunin yadda sensa ke jin haske) shata wajen 1/200 take so, wato ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 200 na daƙiƙa. Kai kuma da 600 a kan ƙaramin sensa irin na 700D, wanda ke ninka gani da 1.6, kamar kana riƙe da 960 ne a hannu, ba mai hana rawa. Kana buƙatar 1/1000 ko fiye. Ka ɗaga ISO zuwa 800 ka samu. Wannan ba matsala ba ce da safe.

Inda ranar ba ta cetonka shi ne fokas. Na'urar fokas da ke ƙarƙashin madubi ba yawan haske kaɗai take dubawa ba. Tana kwatanta hasken da ya shigo ta wannan gefen gilashi da wanda ya shigo ta wancan gefen, da bambancinsu take sanin ko ta matsa gaba ko baya. In ƙofar ta tsuke zuwa f/11, hasken gefen ba ya isa gare ta. Kamar mutum ne a cikin zaure yana leƙe ta kafar ƙyaure: ko rana ta kai ina a waje, abin da ke dama da hagu ba zai gani ba. Kyamarori irin 7D Mark II da 80D, ko D7200 da D500 a ɓangaren Nikon, an faɗaɗa musu zuwa f/8. Marasa madubi na yanzu, da ke yin fokas a kan sensa, sun wuce nan, shi ya sa a 2020 Canon ta iya fitar da gilasan 600 da 800 masu f/11 tun daga masana'anta. Taka ba ta cikin waɗannan.

Na Giginya:
To ni kuma bari in tsaya wa kwanbata, don na ga ana neman a yanke mata hukunci ba a ji ta bakinta ba. Shekara huɗu ke nan 1.4x ba ta barin jakata. Ina ɗaukar ƙwallo a filin Giginya da 70-200 f/2.8. In ina bayan raga, wasa ya koma ɗaya ragar, mita ɗari da ɗoriya ke tsakaninmu, 200 ba ta kai ni ko'ina. Na ɗaura 1.4x na koma 280 a f/4, fokas yana kamawa, kaifi bai ragu yadda ido zai gani ba. Hoton da na fi alfahari da shi, mai tsaron gida ya tashi sama ya doke ƙwallo da yatsu, ƙura ta tashi a ƙarƙashin takalminsa, da ita na ɗauka. Abu ne da bai kai gwangwanin madara girma ba, ya hutar da ni sayen gilashin da kuɗinsa ya isa sayen mota.

Ita 2x ɗin ma na ara na gwada. 400 a f/5.6, tana aiki, amma fokas ya yi nauyi, ɗan wasa in yana gudu yana nufo ni sai ta riƙa makara. Kuma wasanmu na la'asar ne. Kafin a tashi rana ta yi sanyi, sai ka ga ISO ya haura, hoto ya cika da tsaki-tsaki. Na mayar wa mai ita.

Baba Mai Hoto:
Ai ba mu saɓa ba ɗana. Kai gilashin f/2.8 gare ka, shina da rarar da za a ci a bar saura. Yaro nashi ba shi da rara.

Na Giginya:
Haka ne Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so ne kawai kada matasa su tashi daga nan da cewa kwanbata kayan banza ne. In banza ce, Canon ba za ta gina 1.4x a cikin 200-400 ɗinta ba, Nikon ma ta yi haka a 180-400, ka tura ɗan maɓalli kawai ta shiga.

Mai Son Tsuntsaye:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, akwai abin da har yanzu ba wanda ya ambata, kuma a garin nan shi ne babba: iska. Ba iskar da ke kaɗawa ba, wadda ke tsakaninka da abin da kake ɗauka.

Ni malamar makaranta ce, ranar Asabar nake fita fadamar Kwalkwalawa da Nikon D7200 da 300 f/4 da kwanbatar TC-14E, wato 1.4x ta Nikon. Wata rana a watan Afrilu na makara, ban isa ba sai wajen sha ɗaya. Na tarar da zalɓe tsaye a bakin ruwa, ya yi shiru kamar an dasa shi, tazararmu ba ta wuce mita sittin ba. Na kafa mai ƙafa uku, na sa shata 1/2000, na ɗauki hoto ya fi arba'in. A bayan kyamara duk sun yi kyau. A kwamfuta kuwa ko ɗaya ban ajiye ba. Wuyansa ya karkace a wani, a wani bakinsa kamar an zana shi a kan ruwa, ciyawar bayansa duk ta narke. Sati guda ina zargin kwanbatar, har na yi niyyar sayarwa. Asabar ta gaba na fita bayan sallar asuba, wuri ɗaya, kaya ɗaya, ƙarfe bakwai saura. Belbela ta sauka kusan inda zalɓen ya tsaya. Gashin ƙeyarta ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa, har ɗigon ruwa a bakinta ya fito.

Kawalwalniyar da muke gani a kan kwalta da rana ita ce dai. Ƙasa ta ɗau zafi, iska mai zafi tana tashi tana gauraya da mai sanyi, haske yana lanƙwashewa a hanya. Gilashin nesa yana ninka wannan rawar tare da tsuntsun. A bazara da zafinmu ke haura 40, bayan ƙarfe tara duk abin da ya yi nisa ya lalace, ko da gilashin wa kake aiki. Da hunturu kuma hazo ya karɓa, launi ya kwanta, komai ya yi fari-fari. Ƙanena, hotunan Idin nan naka, ƙarfe nawa ka ɗauke su, kuma dawaki nawa suka tayar da ƙura a gabanka?

Ɗan Mabera:
Malama, wajen goma ne, kuma ƙura kam ba a magana. Har a haƙorana na ji ta.

Mai Son Tsuntsaye:
To ka gani. Wani kaso na abin da ya ɓata maka rai ba gajartar gilashi ba ce. Ko 600 na gaske aka ba ka a wurin, ƙurar za ka ƙara wa girma.

Injiniya Arkilla:
Ga wata hanya da ba ta cin ko sisi. Hoton 700D faɗinsa 5184 ne, tsayinsa 3456, megafiksel 18. Ka yanke tsakiyarsa daidai da abin da 2x za ta ba ka, ya rage 2592 da 1728, wajen megafiksel huɗu da rabi. Facebook ba ya nuna hoto fiye da 2048 a dogon gefe. Wankin hoto mai inci 5 da 7 mai kyau fiksel 2100 da 1500 yake buƙata. Ke nan yankakken hoton ya ishe ka duka biyun, ba ka rasa haske ba, ba ka rasa fokas ba. Ni a ganina yanka ya kashe kasuwar kwanbata ga yawancin mutane.

Mai Son Tsuntsaye:
A nan kam Injiniya ban bi ka duka ba. Ga gilashinsa, e, na yarda, domin 75-300 a ƙarshen zuƙowa ba ta da sauran bayanin da za a tono. Amma a kan gilashi mai kaifi na gwada da hannuna. Na manna takardar naira a jikin bango, na ɗauka da 300 zalla na yanke, na sake ɗauka da kwanbata. Ƙananan rubutun da suka cakuɗe a yankakken, a na kwanbata ana karanta su. Gilashi mai kyau yana kawo bayani fiye da abin da sensa ke iya kamawa, kwanbata ce ke shimfiɗa shi har sensa ya gani. Mu masu tsuntsaye ko da kwanbatar ma sai mun ƙara yankewa, to in ka fara da yanka ina za ka ƙare?

Akwai kuma wani amfaninta da ba a cika faɗa ba. Ba ta canza mafi kusancin tazarar da gilashi ke iya fokas. Inda kake tsayawa da 300 nan za ka tsaya da 420, abu ya ƙara girma. Mazari da malam-buɗe-littafi a bakin fadama da haka nake samunsu ba tare da na kore su ba.

Injiniya Arkilla:
Na karɓi gyara Malama. In gilashi ya fi sensa kaifi, kwanbata ta fi yanka. In sensa ya fi gilashi, yanka ya fi. Nasa na biyun ne.

Ɗan Illela:
Ni tambayata daban. Na sayi wata a intanet an rubuta 2.2x, amma a gaban gilashi ake murɗa ta kamar murfi, ba a baya ba. Tsakiyar hoto da dama-dama, gefe kuwa duk shuɗi da ja, wani lokaci har baƙin zobe yake yi. Mai kayan ya daina ɗaukar wayata. Ita ma kwanbatar ce ko an cuce ni?

Injiniya Arkilla:
Wani abu ne daban mai kama da suna. Ta gaba ba ta cin haske kamar ta baya, da wannan ake tallarta, amma masu arahar gilashinsu ba shi da kyau, abin da ka gani shi kowa ke gani. Allah ya mayar maka da alheri. Kada ka bar nauyinta yana rataye a bakin ƙaramin gilashi, tana iya lalata maka zaren murfin ko injin fokas.

Abu Ammar Gidan Igwai:
Tunda manya suna nan bari in shigo da tawa. Ni burina jinjirin wata. Duk ƙarshen Sha'aban muna hawa bene muna dubawa kafin sanarwa ta fito daga fadar Sarkin Musulmi, ina so wata rana in samu hotonsa mai kyau in ajiye. Wata ai ba ya gudu kamar doki, fokas da hannu ya isa. A nan 2x ba za ta yi ba?

Injiniya Arkilla:
A nan tana da hujja fiye da wajen dawaki. Girman wata a kan sensa, ka raba tsawon gilashi da 110 ka samu milimita. A 300 bai kai milimita uku ba, a 600 ya kusa biyar da rabi, sensa kuma tsayinsa wajen 15 ne. Ga watan daren goma sha huɗu, ko na bakwai da ramukansa ke fitowa, ka kafa mai ƙafa uku ka yi fokas ta allon baya, za ka ji daɗi. Jinjirin daren farko kuwa siriri ne, haskensa kaɗan, yana ƙasa-ƙasa inda ƙura ta fi kauri, kuma ba ya daɗewa yake faɗuwa. Wahalarsa gano shi. Da 600 sararin da kake gani ya tsuke, sai ka yi ta lalube har ya tafi. Ka fara nemo shi da gajeren zuƙowa, ka ɗaure kyamara, sannan ka ƙara. Kuma don Allah kada ka nufi yamma da gilashin nesa sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Ido ba shi da na canji.

Baba Mai Hoto:
Ɗan Mabera, bari in gaya maka abin da munka yi da can, lokacin da 200 ita ta babban gilashi garin ga. Kwana biyu kahin Salla mukan tai mu bi hanyar da za a biyo, mu ga inda taka kwana, inda doki dole shi rage sauri, inda rana za ta kasance bayanmu. Mu gaida masu gidan da ke wurin, mu roƙi arziki a bar mu mu hau dakali ko soro. Mu gaida dogarai tun ba ranar aiki ba, su san fuskarmu. Ran Salla doki shi ka zuwa inda kake. Mita goma da ka matsa ta fi maka wanga ƙarfe da kaka son saye.

Kuma tunda maganar gilashin nesa ta taso, in ja kunnenku ku duka. Shina kai ido inda ba a gayyace shi ba. Matan mutane wurin Idi, ko cikin gida ta bisa katanga, ba naku na ba. Wurin jami'an tsaro ma kak ku nuna shi, lokacin ga ba na wasa ba na. Mun riƙe sana'ar ga da mutunci, ku ma ku riƙe ta haka.

Na Giginya:
Allah ya saka Baba. Ƙanena, in ka matsu sai ka gani da idonka, ina da tsohuwar Kenko 2x a gida ba na amfani da ita. Zo ka ara ka gwada kafin ka tura wa kowa kuɗi. Ka fara ɗaura ta a jikin gilashi, sannan ka ɗaura su a kyamara, kyamara tana kashe. Ka yi haka a cikin ɗaki ko cikin mota, kada ka buɗe kyamara a fili cikin ƙurar nan.

Ɗan Mabera:
Na gode Yaya, gobe bayan la'asar zan kira ka.

Ɗan Mabera:
Salam. Na dawo da sakamako. Na karɓi kwanbatar, jiya da safe ƙarfe bakwai na fita bayan unguwarmu. Akwai allon wata makaranta, na auna taku tamanin daga gare shi, na ɗora kyamara a kan buhun yashi.

Fokas ya yi yadda Injiniya ya ce. Sau ɗaya ya kama a cikin gwaji wajen goma, sauran sai kuka yake yana kai da komo. Mazubin ido ya yi duhu kamar magariba ta yi. Na koma allon baya na yi da hannu. Da na kwatanta a kwamfuta, rubutun allon a na kwanbata ya fi girma, amma lambar wayar da ke ƙasa ba ta fi karantuwa ba, kuma bakin haruffa ya yi wani shuɗi-shuɗi da babu shi a yankakken. Sai wani yaro ya zo wucewa da amalanken shanu, na ce bari in gwada abu mai tafiya. Da kwanbata hoto tara, babu na ɗauka. Na cire ta, ya juyo, na ɗauki shida, huɗu sun fito har igiyar hancin shanun ana gani.

Na kuma koma wurin ƙarfe goma sha biyu saboda maganar Malama, ba kwanbata. Allon da na karanta da safe, haruffansa sun yi ta rawa, layin ƙasa ya ɓace gaba ɗaya. Wannan ya fi komai ba ni mamaki, shekara uku ina hoto ban taɓa lura ba.

Na gaya wa mutumin Kano ya sayar wa wani. Kuɗin zan ci gaba da tarawa. Tambayata yanzu, tsakanin Sigma 150-600 da Canon 400 f/5.6 na hannu, wanne zan nufa?

Na Giginya:
400 f/5.6 in dai ƙwallo da dawaki ne. Mara nauyi, fokas kamar walƙiya, kuma 700D ɗinka za ta ɗauke shi ba gardama. Sai dai ba shi da mai hana rawa, kuma ba ya zuƙowa, in doki ya matso sai ka ja da baya.

Mai Son Tsuntsaye:
Ni Sigma zan ce, saboda ranar Idi ba ka da wurin ja da baya, mutane ne a bayanka. Amma ya kusa kilo biyu, ka sa kuɗin sandar dogarawa a lissafi. Wani ɗan'uwanmu da muke fita tare yana da shi. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu muna Kwalkwalawa, ka same mu a bakin gada ƙarfe shida da rabi ka riƙe shi da hannunka ka ji. Ka zo da katin kyamararka, da ruwan sha, kuma kada ka sa farar riga.

Baba Mai Hoto:
In kun tashi ku biyo ta shago ku ɗauke ni. Na kwana biyu ban ga gulbi da safe ba.